Kada ki zubar da marang ɗin nan

'Yata, na ga saƙonki da hoton. Kin ce kin gasa marang, kayan zaƙin nan na bugaggen farin ƙwai da sukari, saboda maƙwabtanku Turawa da za su zo cin abinci, ya tsattsage ya rufta a tsakiya, kina tambaya ko abin kunya ne a ajiye wa baƙo abin da ya fashe.

Na san inda tunanin ya fito. A gida an hore ku cewa malmalar da ta fi kyau ita ake kai wa baƙo, kuma horon nan daidai ne. Amma manufarsa girmama baƙo da tsabta da sakin fuska, ba a taɓa cewa a kwashe abinci mai kyau a kai bola ba. Ƙwai da sukari arziki ne, zubar da su almubazzaranci ne.

Su kuwa mutanen Ingila da kike jin kunyarsu, da gangan suke farfasa shi. Suna da kayan zaƙi da ake kira Eton mess, sunan makarantar Iton da ke kusa da Winsa, wadda Sarki Henry na shida ya kafa a 1440. An saba cin sa ranar wasan kurket tsakaninta da makarantar Haro, kuma tun 1893 sunansa ya fito a rubuce. Fasasshen marang ne da kirim da sitiroberi, shi ke nan. Duk Baturen da kika miƙa wa zai gane shi nan take, ya ji kin san al'adar garinsa.

Ki fara duba cikinsa. Idan yana ɗanɗanƙo, ki mayar da shi oba, wato tanderun gashi, a wuta kaɗan, wajen digiri 100 a ma'aunin Celsius, har ya bushe. Inda ya yi duhu ki kankare, domin ƙonannen sukari ɗaci gare shi. Sai ki ɓarɓasa shi da hannu, manya-manya kamar goro, kada ya zama gari. Rabin sitiroberin ki dama da cokali da ɗan sukari har ya fitar da jan ruwa, sauran ki yayyanka. Wasu suna zuba masa giya a nan. Ke ruwan lemon zaƙi ya ishe ki. Ki buga kirim mai sanyi ya yi kauri amma da laushi, ki juya su a hankali sau biyu ko uku, jan ya ratsa farin. In babu sitiroberi, ayaba ma tana yi.

Gobe in za ki sake, kwano ya zama fes. Ɗigon maiƙo ko gwaiduwa yana hana farin ƙwai tashi. Sukari kamar giram 50 ga kowane farin ƙwai, cokali-cokali, kina murzawa a yatsa har ki daina jin tsakinsa; wanda bai narke ba shi ke fitowa kamar zuma a gindi. Ruftawar nan kuwa, ina zargin kin fitar da shi da zafinsa. A kashe wuta a bar shi ciki ya huce, ba a buɗe ƙofa.

Kada ki haɗa marang ɗin da kirim sai sun gama cin shinkafa, don in ya daɗe cikin kirim jiƙewa yake. Ki zuba a kofunan gilashi, ki kawo ba tare da ba da haƙuri ba. Ki gaishe min da maigidan da yara.

Goggonki.