Tambaya da Amsa: Me ya hana a yi wa tsofaffin cocin Vladimir filastar siminti?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, ina shekara ta uku a fannin gine-gine a nan Rasha. A watan Mayu muka hau jirgin ƙasa daga Mosko zuwa Vladimir don mu ga cocin nan na farin dutse da ake ba mu labarinsu a aji. Abin da na gani ya tayar min da hankali: gindin bango ya yi duhu da laima, wani wurin kuma yana fitar da farin gari kamar kanwa. Abokina ya ce sakaci ne kawai, da an yi musu filastar siminti an bi da fentin mai da tuni magana ta ƙare. Shin gine-ginen nan ba rushewa za su yi ba? Ni ma ina da niyyar in na dawo gida in sa a yi wa tsohon soron kakanmu siminti.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka. Ginin da ya ga rundunar Mongol ta Batu Khan, wadda ta ci Vladimir da yaƙi a 1238, kuma yana nan tsaye, laimar wata guda ba ta isa ta kayar da shi ba. Shawarar abokin nan naka ce za ta iya, shi ya sa a kanta zan daɗe.

Fara da tuna yadda aka ɗora bangon. Cocin Uspenski, wanda Yarima Andrei Bogolyubski ya gina daga 1158 zuwa 1160, aka faɗaɗa shi bayan gobarar 1185, da cocin Dmitriyevski na shekarun 1190, duk hanya ɗaya aka bi: layi biyu na sassaƙaƙƙen dutsen farar ƙasa, ɗaya ciki ɗaya waje, a cika tsakaninsu da guntayen duwatsu, a kwarara kwaɓin farar ƙasa a kai. A cikin kaurin bangon kuma an shimfiɗa dogayen itatuwa masu ɗaure ginin. Dutsen da kwaɓin asalinsu ɗaya, taushinsu ya yi kusa, kuma dukansu cike suke da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana shiga irin wannan bango, babu makawa. Yana hawowa daga ƙasa kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, yana zubowa daga rufi, yana shigowa da iska. Ta fuskar bangon kuma yake fita idan iska ta bushe. Duhun da ka gani a gindi ruwan dusar ƙanƙara ne da ta narke, yana kan hanyarsa ta fita. Farin garin gishiri ne da ruwan ya ɗauko ya ajiye a waje, kuma gara a same shi a waje, domin a nan burushi mai laushi ya ishe shi.

To yanzu kawo simintin abokinka ka shafa. Ruwan ƙasa bai san an yi filasta ba, zai ci gaba da hawowa. Ƙofar fitarsa ce ka toshe, sai ya ƙara hawa sama, ko ya juya ya ɓullo ta ciki, inda zanen bango yake. Sannan Vladimir tana shafe watanni, tun daga Nuwamba har Maris, sanyi na ƙasa da sifiri. Ruwa idan ya daskare girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. Dutsen da ya jiƙe sharkaf ba shi da gurbin da ƙanƙarar za ta kumbura a ciki, sai ta tsaga shi. A daskare a narke, a daskare a narke, sau da yawa a shekara guda. Gishirin da a da yake fitowa fili yanzu a bayan filastar yake haɗa ƙwayoyinsa, yana tura dutsen yana mayar da shi gari. Shi kansa simintin yana zuwa da nasa gishirin ya ƙara a kan na da. Kuma ya fi dutsen tauri nesa ba kusa ba: idan gini ya ɗan motsa da zafi da sanyi, kwaɓin farar ƙasa yana bin sa, siminti kuwa sai ya tsage, ruwan sama ya shiga ta tsagar ya rasa mafita. Ran da filastar za ta ɓallo, da fuskar dutsen take tafiya. A bangon Dmitriyevski fuskar dutsen nan ita ce dukiyar: ɗaruruwan sassaƙa, Annabi Dawuda da molonsa, zakuna, tsuntsaye. Wanda ya ɓalle ya tafi ke nan.

Abin da ke ba ni haushi da wannan kuskure shi ne yana kyau a ido. Shekarar farko bango sumul, mai gida ya yaba, ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa. Ɓarnar a ɓoye take aiki, shekara biyar ko goma, sai ran da ka ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa ka ji yana amsawa kamar ganga. A lokacin ba wanda zai ce siminti ne, sai a ce ai gini ya tsufa, a ƙaro buhu. Birkilan da bai taɓa riƙe kwaɓin farar ƙasa ba shi ne zai fi kowa ɗaga murya cewa aikin mutanen da ba shi da ƙarfi. Ka tambaye shi wane gini nasa ne ya shekara 800.

Fentin mai ma ɗan'uwan siminti ne a wannan laifi. Zanen da Andrei Rublev da Daniil Chorni suka yi a Uspenski a 1408 a kan ɗanyen yaɓen farar ƙasa aka yi shi: ana shafa launi yaɓen bai bushe ba, idan ya sha iska sai ya kama launin ya zama jikinsa. Ka rufe wannan da fenti ko wani mai mai sheƙi, laima ta taru a baya, fentin ya yi bororo ya kware, ya ɗebo launin asali. Masu gyara na ƙarni na 19 sun sake shafe zane-zane da yawa a Rasha da sunan sabuntawa, har da na Uspenski, sai a 1918 ayarin Igor Grabar, masanin gyaran tsofaffin zane, ya shiga aikin kankare abin da aka ɗora. Umarnin manya ma ya yi tasa ɓarnar. Sarki Nikolai na Ɗaya ya ce a mayar da Dmitriyevski kamanninsa na asali, sai aka rushe barandun da ke kewaye da shi tsakanin 1837 da 1839, ana zaton ƙari ne na baya, alhali tsofaffi ne kuma suna tallafe da bangon. Masanan ƙarni na 20 ne suka sha wahalar ɗaure ginin daga baya.

Akwai kuma wani ruwan da ba daga ƙasa yake ba, kuma a watan da kuka je ya fi yawa. Bango mai kaurin mita guda yana riƙe sanyin hunturu har cikin bazara. Lissafa da kanka: iska mai digiri 20 da laima kashi 70 tana fara zubar da raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya kai digiri 14. Bangon ciki yana iya kasancewa a digiri 6 ko 7. Ka buɗe ƙofa wai don gini ya sha iska, sai bangon ya yi gumi kamar kwalbar da aka ciro daga firji. Ƙara numfashin jama'a da hayaƙin kyandir, tunda Uspenski har yau ana ibada a cikinsa. Wannan ne ya sa wasu cocin masu tsohon zane, a Novgorod da Yaroslavl, ake rufe su ranar ruwa, kuma ba a buɗe tagogi sai an auna iskar ciki da ta waje.

Gyaran gaskiya daga sama yake farawa: rufi, ƙubba, bututun ruwa. Sai a duba ƙasa, domin cikin ƙarnuka takan taru ta binne gindin bango. A rage ta, a karkata ta ruwa ya gudu nesa. Inda aka taɓa sa siminti, a cire shi da hannu, da ƙaramar guduma, ba da injin yanka ba. Daga nan sai haƙuri. Ƙiyasin masu wannan aiki shi ne wata guda ga kowane milimita 25 na kauri, wato bangon mita guda ya wuce shekara uku kafin ya bushe. Gishiri ana jawo shi da dakakkiyar takarda da aka jiƙa da tataccen ruwa, a manna, ya bushe, a kware, a maimaita. Ƙarfen da ya yi tsatsa a cikin dutse a zare shi, don tsatsa kumbura take tana fasa abin da ke kewaye da ita. Kwaɓin cikawa kuwa farar ƙasa ce da aka ƙona a wajen digiri 900, aka jiƙa, ta kwana a rami aƙalla wata uku, a haɗa kashi ɗaya da kashi uku na yashi mai tsabta. A jiƙa bango kafin a shafa, kada shafi ɗaya ya wuce santimita ɗaya da rabi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu kada ya bushe da gaggawa, kuma a tsaya da aiki idan sanyi ya sauko digiri 5. Da gangan ake yin kwaɓin ya fi dutsen taushi, don shi ya ci wuya a sake shi.

Idan ka koma, ka ƙarasa Bogolyubovo, kimanin kilomita 10 daga Vladimir, ka ga cocin Pokrov na bakin kogin Nerl, na wajen 1165. A fadama yake, duk bazara ruwa na malale filin. Tonon da masanin kayan tarihi Nikolai Voronin ya yi a shekarun 1950 ya nuna harsashinsa ya kai zurfin mita 5.3, kuma tudun da yake kai maginan ne suka tara shi suka lulluɓe da dutse.

Soron kakanku kuwa, ka bar shi da siminti. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da damina da kanwa, kuma ƙasa ta fi dutsen Vladimir saurin narkewa a bayan filasta. Gyara indararo ya riƙa jefa ruwa nesa da bango, ka cike zaizayar gindi, ka nemo tsohon magini da ya san makuba ya yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka.