Amsa ga mai tambaya kan barin shago ga Islamiyya bayan rasuwa

Assalamu alaikum. Alhaji, na karanta tambayarka, inda ka ce kana da shago a Tudun Wada a nan Gombe da kake son kuɗin hayarsa ya riƙa tafiya ga Islamiyyar unguwarku bayan ranka, kuma kana tunanin rubuta sunan shugaban makarantar a gurbin makusanci, wato "next of kin", a takardun fansho da na banki domin wani kaso ya isa gare su. Allah ya karɓi niyya. Ni ba alƙali ba ne, amma ni na tsaya a kan rabon gadon baffana, kuma abin da na gani a can shi ya sa na ga ya wajaba in yi magana.

Baffana ya sha faɗa a gaban jama'a cewa shagonsa na masallaci ne, har ya zama kowa a zuriya ya san zancen, amma bai taɓa rubutawa ba, bai kuma miƙa shagon ga kowa ba. Shi ke karɓar haya har ya kwanta ciwon ajali. Da aka zauna lissafi, dukiyarsa gaba ɗaya ta kama kusan naira miliyan 30, ana binsa bashin miliyan 3. Malamin da ya jagoranci rabon ya bi tsarin da aka sani: a fara da hidimar jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado, kamar yadda ayoyin gado na Suratun Nisa'i suka maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya ko bashi. Abin da ya rage miliyan 27 ne, sulusinsa miliyan 9, shagon kuwa dillalai sun yi masa kuɗi miliyan 12. Ke nan ko da maganar bakin ta tabbata da shaidu, akwai rarar miliyan 3 da ba ta halatta sai da yardar magada. Manyan 'ya'ya suka ce sun yafe nasu, amma akwai ƙanana uku na amarya, kuma babu mai ikon yafe haƙƙin maraya, ko da mahaifiyarsa ce. Sai da muka shekara biyu muna kai da komo kafin aka sayar da shagon aka ba masallaci sulusi, kuma har yau akwai ɗakuna biyu a gidan da gaisuwarsu ba ta wuce ta baki ba.

Iyakar sulusin nan ba ra'ayin malaman gari ba ne. Sa'adu bin Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya mai tsanani a Makka, a lokacin 'ya ɗaya kawai yake da ita, ya nemi izinin Annabi (SAW) ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa aka hana shi, ya nemi rabi aka hana shi, sannan aka amince masa da sulusi tare da gargaɗin cewa sulusin ma da yawa, domin barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Haka kuma babu wasiyya ga wanda yake magaji. Wannan ƙa'ida ta biyu tana da wata fuska da mutane ke mantawa: jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado matuƙar akwai baffanninsa maza, saboda haka wasiyya ta halatta gare shi. Idan akwai irin waɗannan yara a gidanka, ina ganin ka fara tuna su a cikin sulusin kafin ka tuna ginin makaranta.

Batun gurbin makusanci kuwa, ina roƙonka ka janye wannan shawara. Wanda aka rubuta a wurin mutum ne da za a tuntuɓa idan wani abu ya faru, rubuta sunansa bai mayar da shi mai dukiya ba. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, wadda hukumar PenCom ke kula da aiwatar da ita, kamfanin fansho ba ya sakin kuɗin asusun mamaci sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, kuma bankuna ma irin wannan takarda suke nema. Inda sunan da ka rubuta yake da tasiri kai tsaye shi ne inshorar rai ta ma'aikata, wadda dokar ta wajabta wa mai ɗaukar aiki da aƙalla ninki uku na albashin shekara, domin ita ana biyan wanda aka ambata ne a takarda. Ko a nan ɗin, sanya sunan malamin makaranta jefa shi ne cikin fitina, domin ranar da kuɗi suka faɗa asusunsa iyalanka za su ce amana ce ta gado, shi kuma ya ce sadaka ce, alhali mai raba gardamar yana kabari. Ka rubuta wanda ka amince da shi daga cikin iyalinka, abin da kake nufi da makaranta kuma ka faɗe shi ƙarara a cikin wasiyya.

Idan har shagon kake so ya tafi dungurungum, hanyar da ta fi tsabta ita ce ka yi waƙafinsa, wato hubusi, tun kana da lafiyarka. Mai lafiya yana da ikon bayar da abin da ya so daga dukiyarsa ba tare da iyakar sulusi ba, kuma asalin abin shi ne gonar Sayyidina Umar ta Khaibar, wadda aka tsare asalinta, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gādo, ana sadaka da amfaninta. Sai dai a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, sharaɗi ne abin ya fita daga hannunka ya shiga hannun waɗanda aka yi wa tun kafin ciwon ajali ko mutuwa. A nan ne baffana ya yi tuntuɓe. Ka kira kwamitin makarantar da shaidu, ka miƙa takardu, ka sanar da ɗan haya cewa daga wata mai zuwa ga inda zai riƙa biya. Zai fi kyau makarantar ta kasance tana da amintattu masu rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, domin a rubuta shagon da sunan ƙungiya maimakon sunan mutum ɗaya wanda shi ma magadansa za su iya tasowa wata rana. Idan filin yana da takardar mallaka ta gwamnati, dokar filaye ta 1978 ta buƙaci amincewar gwamna kafin a sauya mai shi, don haka ka nemi lauya ya bi maka wannan. Ka kuma rubuta wanda zai kula da shagon, da kason da za a ware na gyara, domin rufin kwano ba ya sanin cewa na waƙafi ne idan damina ta zo.

Idan kuma kana bukatar hayar don cefanen gida a yanzu, wanda ba abin kunya ba ne, to ka tsaya a kan wasiyya, amma ka rubuta ta da kaso, kamar ka ce kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya rage bayan bashi, maimakon ka ambaci shago, tunda farashin gini yana hawa da sauka kuma ba ka san yadda sauran dukiyarka za ta kasance a ranar ba. Ka sa adalai biyu waɗanda ba magada ba su sa hannu, ka haɗa da jerin basussukan da ake binka da waɗanda kake bi, ka ajiye kwafi a wurin limaminku ko lauyanka. Wasiyya ana iya canza ta ko soke ta muddin mutum yana raye, saboda haka ka riƙa duba ta duk lokacin da aka yi haihuwa, ko aure, ko ka sayar da wata kadara. Ni tawa na karanta wa matana da manyan 'ya'yana ita da bakina bayan sallar isha'i, uwargida ta yi kuka ta ce ina kiran mutuwa, amma washegari ita ce ta tuna mini da wani bashin taki na wani mutumin Kumo da na manta ban rubuta ba.