Wace Wayar Intanet Zan Binne a Bangon Sabon Gini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gina ofis mai hawa biyu, da sito a bayansa. Mai aikin ya ce in zaɓa tsakanin Cat5e da Cat6 da Cat6A. Wacce ta fi dacewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A sabon gini, ka sa Cat6 a ɗakunan aiki. Cat5e tana ɗaukar gigabit 1 a daƙiƙa (ma'aunin gudun bayanai) har nisan mita 100, amma wayar da aka rufe da filasta za ta shekara da shekaru, kuma fasa bango ya fi wayar tsada. Cat6 kan kai gigabit 10 in nisan bai wuce kimanin mita 55 ba. Cat6A ce ke kai wannan gudun har mita 100, don haka ita ta dace da tsakanin hawa da hawa, da na'urorin Wi-Fi na silin.

Ka kula da ma'aunin mita 100 ɗin: mita 90 na cikin bango ne, sauran 10 na gajerun wayoyin da ke haɗa na'urori da soket a ƙarshen biyu.

Inda aka fi cutuwa shi ne wajen saye. Akwai wayar da ake kira CCA, alminiyum ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ka kankare silin waya ɗaya da wuƙa, in ka ga fari a ciki, ka mayar da kwalin. Tana saurin karyewa a bakin soket, kuma in aka tura wa kyamara wuta ta cikinta sai ta ɗau zafi, wutar ta rage ƙarfi kafin ta isa. Zallar jan ƙarfe mai sili ɗaya ake binnewa.

Wajen aiki, a ba ta bututunta daban da na wayar lantarki. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera. Kada a lanƙwasa ta sosai ko a matse ta da ƙusa. Murɗin da ke jikin wayoyin shi ke kore hayaniyar lantarki, saboda haka kada a warware fiye da milimita 13 a bakin haɗi. A bi tsarin launi ɗaya a kowane ƙarshe, T568A ko T568B.

Shi kuwa siton, tunda gini ne daban, ka ja masa faiba, wato waya mai silin gilashi. Gilashi ba ya ɗaukar wutar lantarki, tsawa ba za ta bi ta cikinsa ta ƙona maka na'urori ba. Kafin ka biya kuɗin aiki, a gwada kowane layi da na'urar gwaji, a manna masa lamba a ƙarshensa biyu.