Ina Ne Mazaunin Bayanau a Jimlar Turanci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce da ke shirin rubuta jarrabawar kammala sakandare, kuma akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai a darasin Turanci. Na rubuta "I go always to the library", sai malaminmu ya ja layi a ƙarƙashin "always", ya mayar da ita kafin "go". A wani wurin na rubuta "She always is late", sai ya mayar da ita bayan "is". Shin akwai ƙa'ida ne, ko kuwa sai mutum ya haddace kowace jimla? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yata. Malaminki ya yi daidai a wuraren biyu, kuma ƙa'ida guda ce ta haifar da gyare-gyaren nasa, ko da yake a ido suna kama da masu karo da juna.

Bayanau, kamar yadda kika sani, kalma ce da ke ƙara haske a kan aikatau, ko sifa, ko wani bayanau ɗan'uwansa, ko ma jimla ɗungurungum. A Turanci yana da mazauni uku: farkon jimla, tsakiyarta da ƙarshenta. Biyu daga ciki ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe, domin muna cewa "Kullum yana zuwa" kuma muna cewa "Yana zuwa kullum". Na tsakiyar ne ke wahalar da mu, saboda ba ma cewa "Yana kullum zuwa". Sai dai idan kika lura da kyau, aikin da Turanci ke ɗora wa bayanau na tsakiya, Hausa tana yin sa da wasu ƙananan kalmomi masu zama a daidai wannan gurbin. A "Ban taɓa ganinsa ba", kalmar "taɓa" ta shiga tsakanin wakilin suna da ainihin aikin, kamar yadda "never" take a "I have never seen him". Haka ma "kan" a "Yakan zo da wuri" take ɗaukar nauyin "usually" a "He usually comes early".

Kalmomin da ke nuna yawan aukuwar abu, irin su "always", "usually", "often", "sometimes", "rarely" da "never", tare da irin su "already", "just", "also" da "probably", tsakiya suka fi so. Idan aikatau ɗaya tal ne a jimlar, sai su zo kafinsa: "I always go to the library". Idan aikatan shi ne "be" a kowace siga tasa, wato "am", "is", "are", "was" ko "were", sai su koma bayansa: "She is always late". Idan kuma akwai mataimakin aikatau, irin su "has" ko "would", sai su zauna bayan mataimaki na farko, komai yawan waɗanda ke biye da shi: "He has never travelled by air", "The work has already been done", "She would never have agreed".

Ga gwajin da nake ganin ya fi haddar ƙa'idoji uku amfani. Ki kore jimlar a zuciyarki, ki duba inda "not" ta faɗa, to nan ne gurbin bayanau na tsakiya. "She is not late" ta ba ki "She is always late". "He has not eaten" ta ba ki "He has already eaten". "I do not go" ta nuna miki cewa gurbin yana dab da "go" kuma kafinta, saboda haka idan kika cire "do not" kika sa "always", kin sami "I always go". Dalilin da gwajin ke aiki shi ne "be" tana bin ɗabi'ar mataimakan aikatau ko da ita kaɗai ce a jimla: ita ke komawa farko a tambaya, kuma ita ke ɗaukar "not" kai tsaye ba tare da neman "do" ba.

Ya kamata in yi wa jimlarki ta biyu adalci. Bature zai iya cewa "She always is late" a magana idan ya ɗaga murya a kan "is" don jaddadawa, kuma a gajeriyar amsa wannan tsarin ne ma ya zama dole: idan aka tambaye shi "Is she late?", zai ce "She always is". Turawan Amurka kuma sun fi na Ingila yawan sa bayanau kafin mataimaki, kamar "He probably has left". Amma a rubutun jarrabawa babu murya, saboda haka ki tsaya a kan tsarin da malaminki ya nuna miki. Abu ɗaya da za ki kiyaye shi ne "probably" da "certainly" suna zuwa kafin gajeriyar korewa: "She probably won't come".

Akwai gurbi guda da na ɗauke shi tamkar haramtacce, kuma shi ne na fi son ki riƙe: kada bayanau ya raba aikatau da karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa. "He speaks English well" ake cewa, ba "He speaks well English" ba. "I like tea very much", ba "I like very much tea" ba. A nan Hausa ta yi miki gata, domin "Yana jin Turanci sosai" muke cewa, da "sosai" bayan karɓau. Waɗanda suka fara karatu da Faransanci su ne suka fi faɗawa wannan kuskure, saboda a harshen nan bayanau kan bi aikatau kai tsaye. Wurin da ake sassautawa shi ne idan karɓau ya yi tsawo ƙwarai har bayanan zai yi nisa da aikinsa, kamar "She read carefully every letter that had arrived while she was away".

Ƙarshen jimla shi ne gidan bayanau na yanayi, na wuri da na lokaci, kuma idan sun haɗu, yawanci a haka suke jeruwa: "She spoke calmly at the meeting yesterday". Idan aikin na tafiya ne, wurin da aka nufa shi ke fara zuwa: "He drove home slowly last night". Farkon jimla kuwa na kalmomin da ke haɗa magana da wadda ta gabace ta ne, ko masu bayyana ra'ayin mai magana, irin su "however" da "fortunately", sai kuma lokaci idan ana so a fito da shi fili. "Sometimes" da "usually" suna iya buɗe jimla, amma "always" ba ta cika yin haka ba sai a umarni: "Always read the question twice". Idan kuma kalmar korewa irin "never", "seldom" ko "hardly" ta buɗe jimlar da ba umarni ba, dole mataimakin aikatau ya sha gaban aikau, wato mai yin aikin, kamar a tambaya: "Never have I seen such rain", "Hardly had he arrived when the lesson began".

Abin da ya fi damuna a wannan babi ba maki ba ne, ma'ana ce, domin akwai kalmomin da matsar da su ke sauya labari gaba ɗaya. "He almost lost all his books" na nufin saura kaɗan ya rasa littattafansa amma bai rasa ko ɗaya ba, alhali "He lost almost all his books" na nufin sun salwanta sai 'yan kaɗan. "He did not speak clearly" na cewa ya yi magana ba a fahimta ba, amma "Clearly, he did not speak" na cewa a bayyane yake bai buɗe baki ba. Haka "only": "Only the driver saw the child" na nufin direban ne kaɗai ya ga yaron, "The driver saw only the child" kuwa yaron kaɗai ya gani. A Hausa "kaɗai" bayan kalmarta take zuwa, a Turanci "only" kafin kalmarta take tsayawa, kuma a rubutu ya fi kyau ta manne da ita. Ki tambayi kanki kullum wace kalma ce bayanan ke yi wa hidima, sannan ki ajiye shi kusa da ita.

TAMBAYA: Malam, ni malamin Turanci ne. An koya mana cewa kuskure ne a sa bayanau tsakanin "to" da aikatau, kamar "to fully understand", amma ina yawan ganin haka a manyan jaridu. In ci gaba da soke wa ɗalibaina shi? Daga wani malami.

AMSA: Malam, ina ba da shawarar ku daina ɗaukarsa kuskure. Wannan tsari yana cikin rubutun Turanci tun ƙarni na 14, hanin kuwa bai yi ƙarfi ba sai a ƙarni na 19, inda Henry Alford, wani babban limamin coci a Canterbury, ya soke shi a rubutunsa na shekarar 1864, makarantu kuma suka runguma. Tun a 1926 masanin amfani da Turanci H. W. Fowler ya nuna cewa gudun wannan tsari ido rufe ya fi ɓata jimla a kan amfani da shi. Akwai ma jimlolin da ba su da wata mafita: a "The number of students is expected to more than double", duk inda kuka mayar da "more than" jimlar ta lalace. Abin da ya dace ku nuna wa ɗalibai shi ne har yanzu akwai masu duba takarda da ke ƙyamarsa, saboda haka a rubutun hukuma, inda matsar da bayanan ba zai taɓa ma'ana ba, su rubuta "to understand fully", inda kuwa zai taɓa ta, su bar shi a tsakanin.