Kawu, ga yadda karatun Jamus yake

Kawu, ina gaisuwa, da fatan iyali duk suna lafiya. Ka tambaye ni ko da gaske ne a nan Jamus ɗalibi yana musu da malaminsa a aji, da kuma yadda mu Hausawan da muka zauna a Hamburg muke yi da yaranmu a kan haka, tunda ƙanwata za ta zo zangon karatu ɗaya ta hanyar musayar ɗalibai. Da gaske ne, amma ba kamar yadda aka kawo maka ba.

Lacca a babban zaure ba za ta ba ta wahala ba: malami ya yi bayani, in ya gama ɗalibai su ƙwanƙwasa tebur maimakon tafi. Inda yaranmu ke shan wuya shi ne samina. Ɗalibai kaɗan ne kewaye da tebur, an ba su abin karantawa tun makon jiya, malami ya zauna ya ce, to me kuka gani a ciki? Yarinyar da aka tarbiyyantar kan sunkuyar da kai gaban babba sai ta yi gum, a ganinta ladabi ne. Shi kuwa malamin sai ya ɗauka ba ta karanta ba. Na ga wani yaro daga Damagaram, mai kaifin ƙwaƙwalwa, littafinsa cike da rubutu har gefen shafi, amsa na bakinsa, amma ya kasa ɗaga hannu har zangon ya kusa ƙarewa. Abin ya tsaya min a rai.

Shi ya sa muka mayar da wannan aikinmu. Ran Lahadi idan an taru a gidan ɗayanmu, 'yan zangon Kumasi da Accra da mutanen Nijar da na Najeriya, ana gama cin tuwo sai a zaunar da baƙon ɗalibi. Ya tashi ya gabatar da abin da zai gabatar a aji, dattawa su yi ta jefa masa tambaya, shi kuma ya kare maganarsa. Ya yi gardama da mai furfura yana kallon idonsa, da izinin mai furfurar. Da an tashi kuwa, shi zai kwashe kwanuka, ya durƙusa ya yi sallama. Tarbiyya tana nan inda take, Kawu, bakinsa kawai muke buɗe masa.

Ka kuma ja wa ƙanwata kunne cewa a jami'ar nan ba mai bin ta. Ita za ta zaɓi darussanta, ita za ta yi rajistar jarrabawa ta intanet, in wa'adi ya wuce ba roƙo ba kamun ƙafa. Darussan zangon hunturu suna farawa a Oktoba su ƙare wajen farkon Fabrairu, takardar bincike kuma a cikin hutu ake rubuta ta. Malamai suna da lokacin ganawa da ɗalibai a ofis. Yaranmu na jin nauyin zuwa, alhali don su aka ware shi. In ta ce maka ta sami 1 kada hankalinka ya tashi, shi ne maki mafi kyau, 4 an tsallake da ƙyar, 5 faɗuwa ce.

Abin da na fi ji mata tsoro shi ne kwafi. A haddace maganar wani a zuba a takarda ba tare da an faɗi mai ita ba, nan sata ce. A 2011 Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin dakta na ministan tsaron ƙasar, Karl-Theodor zu Guttenberg, saboda haka, har ya sauka daga muƙaminsa. Mu kan ce wa yara su tuna malaman zaure, da ba sa kawo magana sai sun ce in ji wane a littafi kaza.

Ta turo min ranar saukarta da wuri, maiɗakina za ta je tarbarta. Kada ta sayi rigar sanyi a can, ba za ta yi mata ba, nan za mu nema mata.