Hukuncin Aiki a Makon Shaye-shayen Ɗalibai a Ingila

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah Ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne daga Katsina, ina digiri na biyu a birnin Leeds na ƙasar Ingila. Ina aikin dare a wani shagon soyayyar kaza da dankali a unguwar Headingley. Mai shagon Musulmi ne, ba giya ba alade. To amma Malam, a makon da sababbin ɗalibai ke shigowa a ƙarshen Satumba, da kuma kowace Asabar, kusan duk masu sayen abincinmu a buge suke zuwa, daga mashaya suke fitowa. Mai shagon da bakinsa yake cewa cinikin wannan makon ne ke riƙe shi wata da watanni. Zuciyata ta kasa kwanciya. Shin albashina halal ne, alhali na san kuɗin 'yan giya ne? Daga ciki nake biyan haya, daga ciki nake aika wa mahaifiyata. Ina kuma ɗan haɗawa da sayar da tikitin hannu na bukukuwan makon, ana ba ni la'ada a kan kowane ɗaya. Wannan kam wani abokina ya ce ba komai, don Imamu Abu Hanifa ya halatta irinsa a ƙasar da ba ta Musulunci ba. Tambayata a kan shagon ce. Allah Ya ƙara wa Malam lafiya.

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da wannan tsoron da ke zuciyarka. Sai dai tsoron ya sauka a inda ba nan ne wurinsa ba. Ka tsaya ka yi dogon bayani a kan abin da ba shi da laifi, abin da ke da laifi kuma ka wuce shi a layi biyu.

Albashinka na shagon halal ne, ka ci, ka biya haya, ka aika wa Hajiya. Kaza halal ce, dankali halal ne, kuma maye da mai saye ya yi ba ya komawa cikin kaskon suya. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi ciniki da Yahudawan Madina, wannan sananne ne. Abin da malamanmu suka hana shi ne sayar da inabi ga wanda ka san giya zai matsa da shi, domin inabin shi ne zai zama giyar. Wanda ya riga ya sha ya zo neman abin da zai sa a ciki, ba ka ƙara masa komai a saɓonsa ba. Sai dai ka kula da abu guda. Shehu Halil a Muhtasar ya sa hankali cikin sharuɗɗan mai ƙulla ciniki, da ya zo kan wanda ya yi maye sai ya ce akwai taraddudi, wato malamai ba su tsaya a kan magana ɗaya ba. A cinikin ɗan abincin da farashinsa ke rubuce a bango ba a tsananta ba. Amma wanda ya yi tatul har ba ya bambance fam biyar da fam ashirin, amanarsa tana wuyanka: ka mayar masa da canjinsa cif, kada a danna masa abin da bai ce ba, in ya manta waya ko jaka a kan kanta tsintuwa ce, a ajiye masa.

Yanzu tikitin. Ka ce "bukukuwan makon", ba ka ce waɗanne ba, kuma hukuncin a nan yake. A wannan makon ƙungiyar ɗalibai tana shirya abubuwa da yawa da ba ruwansu da giya: baje kolin ƙungiyoyi, wasanni, yawon ganin gari, walimar ƙungiyar ɗalibai Musulmi. La'adar waɗannan halal ce. Amma da tikitin kallon ƙwallo kake sayarwa, abokinka ba zai buƙaci ɗauko Abu Hanifa ba. Na fahimci wannan ɗan zaren robar ne da ake ɗaura wa yaro a wuyan hannu ya riƙa shiga gidajen rawa da mashaya dare bayan dare, wani lokaci har da rangwamen abin sha. In shi ne, dillancinsa haramun ne, la'adarsa haramun ce. Kada ka ce ai ba kwalba ka miƙa ba. Mai gidan ba ya biyanka don yana son ganin fuskokin yara, yana biyanka ne don kowane hannu da ka ɗaura wa zare zai ƙare a gaban kantar giya. Hadisin mutum goma da aka la'anta a kan giya ka san shi tun kana Islamiyya, kuma mashayi ɗaya ne kawai daga cikinsu, sauran masu hidima ne.

Maganar abokinka ba ƙirƙirarta ya yi ba, don haka sai an tsaya mata. Gaskiya ne an ruwaito daga Imamu Abu Hanifa da almajirinsa Muhammadu bin Hasan Asshaibani cewa Musulmin da ya shiga darul harbi, wato ƙasar waɗanda ba Musulmi ba da babu alkawarin zaman lafiya tsakaninta da Musulmi, da aminci zai iya karɓar dukiyar mutanenta da yardarsu ta hanyar cinikin da ba ya inganta a ƙasar Musulunci, kamar riba da sayar da mushe da giya. Sarakhsi ya yi bayaninsa a Mabsuɗ, wasu malaman Masar na wannan zamani kuma sun sake tayar da shi, daga nan ya bazu a wayoyin yaranmu da ke Turai. Muna girmama Imamin, amma wannan ra'ayin mai rauni ne, kuma ko da ya yi ƙarfi bai rufe ka ba.

Babban abin da aka dogara da shi ruwaya ce daga Makhul, cewa babu riba tsakanin Musulmi da harbi, wato mutumin wannan ƙasar da ba Musulmi ba, a darul harbi. Makhul tabi'i ne, bai ga Annabi ba, bai kuma faɗi wanda ya gaya masa ba. Imamu Shafi'i ya ce ba ta tabbata ba, babu hujja a cikinta. Ibnu Ƙudama a Mugni ya ce ba a san ingancinta ba, ba a barin abin da Alƙur'ani ya haramta saboda irinta. Zaila'i, wanda shi kansa Bahanife ne kuma ya bi hadisan mazhabarsa ɗaya bayan ɗaya a Nasbur Raya, da ya zo kanta cewa ya yi baƙuwa ce, wato bai samo mata asali ba. Sannan ko ita ɗin riba ta ambata, ba ta ambaci giya ba. Masu wannan ra'ayin sukan kuma kawo cacar da Sayyidina Abubakar ya yi da mushirikan Makka a kan nasarar Rumawa, alhali wannan ya faru kafin hijira, haramcin caca da giya kuwa a Madina ya sauka. Abin da aka yi kafin hani ba ya zama hujja bayan hani.

A ɗaya ɓangaren ga hadisin Ibnu Abbas da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Muslim ma ya ruwaito shi. Wani mutum ya kawo wa Manzon Allah kyautar salkar giya, bai san an haramta ba. Da aka gaya masa sai ya yi raɗa da na kusa da shi a kan a sayar da ita. Annabi ya ce wanda Ya haramta shanta Ya haramta sayar da ita. Mutumin ya kwance bakin salkar ya tsiyayar. Ka tambayi kanka, wa za a sayar wa a lokacin? Ba dai Sahabbai ba. Duk da haka ba a ce masa ya nemi wanda ba Musulmi ba ya sayar masa. Shi ya sa Malik da Shafi'i da Ahmad da Auza'i duk suka tafi a kan cewa haram ba ta canzawa da canjin ƙasa. Har Alƙali Abu Yusuf, babban almajirin Abu Hanifa, ya saɓa wa malaminsa a wannan mas'ala. A Mudawwana, babban littafin mazhabar Malikiyya, an tambayi hukuncin Musulmin da ya yi ƙodagon ɗaukar giya ga Banasare, aka ce wannan ijara, wato ɗaukar aikin, ba ta halatta, kuma ba shi da ladan aikin.

Mu ɗauka ma an sallama wa abokinka. Dalilin da Hanafiyya suka kafa ra'ayin a kansa shi ne dukiyar harbi ba ta da kariya a asali, cinikin hanya ce kawai ta karɓarta ba tare da yaudara ba. Kai yanzu za ka iya tsayawa ka ce dukiyar yarinya 'yar shekara 18 da iyayenta suka sauke ta a ɗakin kwanan ɗalibai jiya ba ta da kariya? Ƙasar da ke da ofishin jakadanci a Abuja, ta buga maka biza, ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan miliyan 3.9 a Ingila da Wales, kai kanka kana taka ƙafa zuwa Babban Masallacin Leeds ko Masallacin Makka da ke nan kusa da unguwarku ba wanda ya tare ka? Na san za a ce a istilahin Hanafiyya duk ƙasar da hukuncin Musulunci ba ya gudana a cikinta sunanta darul harbi. To ko a hakan, su da kansu ba su halatta wannan ciniki tsakaninka da Musulmin da ya shigo ƙasar kamar yadda ka shigo ba. Kana tambayar addinin kowane yaro kafin ka ɗaura masa zaren? A cikin layin nan akwai 'ya'yan Larabawa da 'yan Malesiya da 'yan gida Najeriya, waɗanda karo na farko ke nan ba idon uwa ba na uba a kansu. Wani ma ganin Bahaushe mai alamar sallah ne ke sayarwa zai sa ya saki jiki.

Kuma ɗana, kai da ka tashi da Ahalari da Ishmawi da Risala, yaushe ka koma Bahanife? Ba ka bi su a wutiri ba, ba ka bi su a alwala ba, sai ranar da la'ada ta shigo. An ruwaito daga Sulaimanut Taimi cewa wanda ya tattara sauƙin kowane malami, sharri duka ya taru a kansa.

Akwai haƙƙin da tambayarka ba ta taɓo ba, na mutanen garin. Kai ka fi ni sanin abin da ake kira Otley Run, jerin mashaya fiye da goma daga can saman Headingley har cikin gari, ana bin su ɗaya bayan ɗaya cikin shigar ban dariya. Masu shago suna murna, amma tsofaffin da suka yi shekara arba'in a layin su ne ke wayar gari da amai da fitsari a ƙofar gida da fasassun kwalabe, ga ihu har asuba. Sun daɗe suna kai kuka ga hukumar birni. Waɗannan maƙwabtanka ne, kuma haƙƙin maƙwabci bai tsaya ga Musulmi ba. Abin ma ba a kan ƙazanta ya tsaya ba. A Durham, tsakanin Oktoban 2013 da Janairun 2015, ɗalibai uku suka nutse a kogin Wear bayan fitar dare. A Newcastle, cikin Disamban 2016, wani ɗan aji ɗaya ya mutu bayan an zaga da su mashaya a bikin shiga wata ƙungiyar ɗalibai. Dokar Ingila ta 2003 da kanta ta hana sayar wa wanda ya riga ya bugu giya, ka ga ko su sun san ɓarnar. Wanda ya cika layin da mutane yana da kaso a abin da layin ya haifar.

Abin yi: ka mayar da sauran tikitin da ke hannunka, kada ka ce bari in ƙarar da wannan zagayen. La'adar da ba ka taɓa ba ka ba mabuƙaci, da niyyar rabuwa da ita, ba da niyyar neman ladan sadaka ba. Akwai ɗalibai 'yan uwanka da faɗuwar naira tun 2023 ta sa abinci ke gagararsu, su ci, a wurinsu halal ce. Wadda ka riga ka kashe kana zaton halal ce saboda maganar da aka jingina wa Imami, ina fatan Allah Ya yafe, ba na ɗora maka biyanta, sai tuba da istigfari. Kada ka je ka tayar wa Hajiya hankali da labarin wane kuɗi ne ya shiga cikin wane, ba ta da laifi a abin da ta ci.

Sannan ka bincika takardunka. Bizar ɗalibi awa 20 ta ba ka a mako lokacin karatu, kuma ta hana aikin da mutum ke zaman kansa ba ƙarƙashin mai ɗaukar aiki ba. Dillancin la'ada yana iya faɗawa nan, haka ma kai saƙon abinci da babur ko keke da yaranmu ke rububi. Ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku ka tambaya ko makon nan yana cikin zangon karatunka, kada ka dogara da ka-ce-na-ce na abokai. Biza alkawari ce da ka sa wa hannu, cika ta wajibi ne, karya ta kuma tana iya mayar da kai gida ba digiri ba kuɗin da aka sayar da gona aka tara.

Shagon ma, halaccinsa bai sa na so maka daɗewa a aikin dare ba. Wanda ya tashi aiki ƙarfe huɗu, sallar asuba tana cikin hatsari, ido kuma yana sabawa da abin da bai kamata ya saba da shi ba. In ka samu na rana, ko a ɗakin karatu ko wurin ajiye kaya, ka koma ko da kuɗin bai kai ba. Kafin nan ka ware tufafin aiki daban da na sallah, domin giya najasa ce a wurin malamanmu, aman mashayi ma haka, ka wanke inda ya taɓa. In wani ya faɗi a ƙofar shagonku ba ya motsi, kada ƙyama ta hana ka: ka kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, ka kira 999, ka tsaya har motar asibiti ta iso. Ceton rai wajibi ne, ko na wane ne. In mace ce, ka yi hakan a fili gaban mutane da abokan aikinka, kada ka raka ta gida kai kaɗai, kada ka shigar da ita bayan shago.

Abokin naka kuma ka tura masa wannan amsar, in yana da wata hujja ban da ruwayar Makhul ya rubuto mana.

Wallahu a'alam.