Tambaya da Amsa: Haɗa Ƙaramin Jirgin Yaƙi da Katako

Tambaya: Ban taɓa haɗa samfurin jirgi ba, amma ina so in fara da Victory, jirgin ruwan da Nelson, kwamandan sojojin ruwan Birtaniya, ya yi yaƙin Tarafalga a cikinsa a 1805. Me kuka gani?

Amsa: Malam, a yi haƙuri da Victory tukuna. Jirgi ne mai igwa 104 da benen igwa uku, kuma kowace tagar igwa sai ka yanka ta, ka daidaita ta da 'yan uwanta. Tsawon benensa na ƙasa ya kusa mita 57, wato a ma'aunin 1:72, inda ake raba kowane tsawo na ainihi da 72, zai kai santimita 79, ban da dogon sandan goshi. Haka ma Vasa na Suwidin, wanda ya nutse a 1628 aka tsamo shi a 1961: sassaƙe-sassaƙen jikinsa sun isa su karya wa sabon hannu gwiwa. Fara da mai jigo (dogon sandan da ke ɗauke da filafilai) ɗaya ko biyu a ma'aunin 1:64. Duk abin da babban jirgi zai nema a wurinka, ƙaramin zai koya maka cikin 'yan watanni.

Tambaya: Na lulluɓe gangar jikin jirgina da siraran falankai, sai na ga ya murɗe, kuma falankan goshi suna hawa kan juna. Ina na yi kuskure?

Amsa: Tun kafin ka ɗora falanki na farko aka samu matsalar. Ƙashin bayan jirgin, wato dogon katakon tsakiya, dole a matse shi a kan allo mai shafe tsakanin sanduna biyu miƙaƙƙu. Kowane haƙarƙari, wato katakan da ake kafawa a gicciye a kan ƙashin bayan, ka auna shi da sukwaya kafin gulu ya kama. Karkatar milimita ɗaya a nan, idan aka zo saman jirgi kowa zai gan ta.

Sannan akwai aikin da mutane da yawa ke tsallakewa don yana da gundura: goge bakin haƙarƙarin. Nannaɗe samfefa a jikin sanda mai tsawon da zai haye haƙarƙari uku, ka riƙa gogawa har bakin kowanne ya bi lanƙwasar jirgin. Ɗora falanki ɗaya ka gwada. Idan ya kwanta lif a kan faɗin bakin gaba ɗaya, ka gama. Idan gefe kawai yake taɓawa, gulu ba zai riƙe ba, kuma wurin zai yi ƙusumbi.

Hawan da falankai ke yi kuwa, lissafi ne. Tsakiyar jirgi ta fi goshinsa faɗi, alhali adadin falankan ɗaya ne. Ɗauki siririyar takarda ka auna bakin haƙarƙarin tsakiya. A ce ka samu milimita 120, falankinka kuma mai milimita 5 ne, ka ga falankai 24 ke nan. In haƙarƙarin goshi ya ba ka 72, raba shi gida 24, kowane falanki zai sirance zuwa milimita 3 a wurin. Kada ka rage falanki ƙasa da rabin faɗinsa, kada kuma ka fiƙe shi ya yi tsini. In wuri ya ƙure, sai ka tsayar da ɗaya kafin goshi, biyu su koma ɗaya.

Jiƙa falankin a ruwan ɗumi kamar minti 15, ka lanƙwasa shi da zafin ƙarfe, ka kafe shi da fil ya bushe a mazauninsa kafin ka sa gulu. Jiƙaƙƙen katako yana tsukewa in ya bushe, shi ne ke barin tsaga. Kuma ka riƙa sa ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Wanda ya gama gefe guda kafin ya juya, jan katakon ne ke murɗe masa jirgi.

Tambaya: Wane zare zan saya don igiyoyi, kuma daga ina ake farawa?

Amsa: Zare iri ɗaya ba ya isa, nemi kauri huɗu ko biyar. Igiyoyin da ke riƙe jiguna ana shafa musu kwalta a da, don haka baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu za ka sa; waɗanda ake ja don sarrafa filafilai launinsu na igiya ne. A tsofaffin takardun jirgi, kewayen igiya ake rubutawa, ba kaurinta ba. Igiyar anka (ƙarfen da ke tsayar da jirgi) mai kewayen inci 24, a ma'aunin 1:72, sai ka raba da 3.14 sannan da 72, ta dawo kaurin inci 0.106, wato kusan milimita 2.7. Ja kowane zare ta cikin kakin zuma don gashinsa ya kwanta. Fara daga ƙasa zuwa sama, daga tsakiya zuwa waje, don hannunka ya samu hanya. Ɗaurin kuma, ɗigon farin gulu da aka sirka da ruwa ya wadatar, domin sufa gulu yana sandarar da zare ya karye.